Ranar Da Na Yi Wa Katafila Ɗure

Ba zan taɓa mantawa da daminar da katafila ta ƙi juyawa hagu a ƙofar gidanmu ba, ko da tsufa ya kwashe sauran abin da ke kaina. Ku matso ku ji. Mai dariya ya riƙe abarsa sai na kai aya.

A Unguwar Dosa muke. Ruwa ya cinye layinmu ya bar rami, har masu Keke suka daina shigowa. Mutanen layi, yawancinsu ma'aikatan gwamnati, suka haɗa kai suka ɗauko hayar katafila. Mai tuƙa ta kuwa ɗana ne na fari. (Ba za ku ji sunansa a bakina ba. Mu yadda aka rene mu, ba a kama sunan ɗan fari, ba a yi masa sannu a gaban mutane, ko tuntuɓe ya yi sai ki kau da kai. Ku ce masa Baban Ummi.)

Aiki ya yi rabi sai ƙarfen nan ya kafe. Gaba tana tafiya, dama tana juyawa, amma in ya ja libar hagu sai ta yi kunnen uwar shegu ta miƙe sak. Saura ƙiris ta shige katangar maƙwabcinmu. A nan ya kashe ta, a gicciye, ta toshe layi. Masu zuwa ofis suna tsallake taɓo da takalman ƙwarai suna hararar ƙofarmu.

Mai katafilar, wani Alhaji ne marar haƙuri, ya bugo masa waya, muryarsa har tana fitowa waje. Ina tsakar gida ina tsintar shinkafa, amma kunnena yana zaure.

"In hannunka ne ya ƙona mini kuloci, ka ajiye makulli. Ina nan tafe bayan la'asar."

Ga yaran Baban Ummi a makaranta, ga matarsa da tsohon ciki. Na zauna, na tashi. Na shiga ɗaki, na fito ban san abin da ya kai ni ba. Na watsa wa kaji shinkafar da na tsince, na riƙe tsakuwar. Kuma babu halin in leƙa in ce masa yaya ake ciki.

Makaniken da aka kira sunansa Bulus, mutumin kudancin jiha, Hausa a bakinsa har ta fi tawa. Na raɓe a bayan labulen zaure ina jin yana yi wa mutane bayani.

"Ita wannan ba irin sitiyarin mota gare ta ba. Kowace sarƙa da kulocinta. In ka ja liba, mai ne yake turawa ya saki kulocin ɓangaren, sarƙar ta tsaya, ɗayar ta kewayo da ita. In mai bai tura ba, babu juyi."

Ya juye tsohon mai ya zuba sabo. Shiru. Ya ciro filta ya duba, ya bi sandunan liba ɗaya bayan ɗaya. Shiru. Daga nan ya ɗaura wani agogon auna ƙarfin mai. A dama allura ta miƙe, a hagu ta kwanta kamar mai zazzaɓi. Ya ce yana zaton wata roba ce ta yage a ciki, mai yana zurarewa. Ya hau babur ya nufi kasuwar Fanteka neman wata. Aka kira azahar, maza suka watse masallaci, layi ya yi tsit.

To, ni ban yi boko ba, amma na tashi a gidan shanun huɗa. Na taɓa ganin wani sa da ya ƙi juyawa gefe guda, babanmu ya ce baki ne, ya yi tofi a ruwa ya ɗura masa. Kuma da kunnena na ji wata a layin nan tana cewa, "Kai, Baban Ummi an zama manyan direbobi!" babu ko tubarkalla. Na ce a raina, Bulus ya san roba, amma bai san mutane ba.

Na ɗauko sabuwar buta, na cika, na karanta abin da na iya na tofa. Na mirgino turmi har gindin sarƙa. Na duba gabas, na duba yamma, na tattare zani. (Ni da gwiwata ba ta bari in yi ruku'u sai da nishi, ranar nan ko ƙas ba ta yi ba. Shaiɗan in zai kunyata ka, har lafiya yake ara maka.) Na taka turmi, na taka sarƙa, na haye. Ga bakin da Bulus ya zuba mai, ya rufe shi da tsumma. Na ce bismilla, na tuttule butar nan tas.

Na juyo zan sauka, babu turmi. Ashe da na yunƙura ƙafata ta ture shi, ya gangara cikin rami. Ƙasa ta yi mini nisa kamar ƙasan rijiya. Ƙarfe ya sha rana, in na zauna ya ƙona ni, in na tsaya jiri. Na koma wannan gefe, na dawo wancan. Ina cikin haka aka sallame salla.

Jama'a, liman ne a gaba. Bayansa mazan layi kaf, bayansu Bulus a kan babur. Suka tsaya cak, ga tsohuwa a ƙolin katafila da buta.

"Inna!" in ji Baban Ummi. "Me ya hau da ke nan?"

Na kau da kai na dubi liman. "Malam, ku ce wa yaron nan iska nake sha."

Sai ga muryar maƙwabciyata, Hajiya Kande, ta saman katanga: "Ayyiriri! Yau asiri ya tonu, ashe dai ana son ɗan fari!"

Da ƙasa tana kusa da na roƙe ta ta tsage.

Bulus bai yi dariya ba. Butar yake kallo. "Mama, me ke cikin butar nan?"

"Babu komai."

"Kafin ta zama babu komai fa?"

Na ɓoye butar a bayana. Ya ɗare sama, ya ga tsumma a gefe, ya dafe kai. "Kar wanda ya taɓa makulli! In fanfo ya ja wannan, man nan zai koma kamar kindirmo, faifan kuloci su yi tsatsa."

"Ruwan addu'a ne fa, ɗan nan."

"Na yarda, Mama, mu ma muna yi a coci. Amma fanfo bai san bambanci ba."

Saukowa kuma ta zama wani sabon zance. Wane namiji ne zai rungumo uwar wani? Baban Ummi ya matso ya juya mini baya. Yaron da ban taɓa goya shi a gaban mutane ba, kakarsa ce ta yi wannan, shi ya goya ni a gaban duk layi, ƙafafuna suna reto, takalmina ɗaya a sama.

La'asar ta yi, Alhaji ya iso ya tarar ana tsiyaye sabon mansa a robobi. Ya ce wane ne? Ina zaure na ji yaron nan ya ce, "Sakacina ne, Alhaji." Ya ciro makulli daga aljihu.

Ban san lokacin da na yaye labule ba.

"Ƙarya yake yi, Alhaji. Ni ce. Ni na hau, ni na ɗura. Shi yana masallaci. In kora ce, ni za ka kora."

Bulus ya miƙa masa wata 'yar baƙar roba da ya zaro, a yage. "Ga asalin ciwon, Alhaji. Tsufa ne ya cinye ta, ba hannun direba ba."

Alhaji ya dubi roba, ya dubi katafila, ya dube ni daga sama har ƙasa, kamar mai auna yadda aka yi na kai can. Ya haɗiye dariya. Ya ture hannun yaron da makullin. "Riƙe abinka." Sannan ya russuna. "Hajiya, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah, nan gaba a yi mana addu'ar daga ƙasa."

Washegari aka sa roba, aka zuba wani man, katafila ta juya hagu kamar ba ita ba. Ni kuwa sai da na daɗe ban leƙa ƙofar gida ba. Har yau in mota ta mace a layin nan, sai wani ya ce a kira Inna.

Abin da na koya da furfurata shi ne, addu'a ta san hanyarta, ba ta neman rakiya. Ki yi ta a kan tabarmarki, ki shafa, ki bar wa makanike ƙarfensa.