Goggo Ta Rasu Kafin Ta Kai Kudu

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kuma wani haushi da har yanzu ban gama haɗiyewa ba, ni Chien Pei-shan, mai zaman teburin amsa tambayoyi kuma mai kula da aikin ɗora taswirori a intanet, a madadin ma'aikatan ɗakin taswira na laburaren jami'armu, nake sanar da malamai, da ɗalibai, da duk wanda ya taɓa saukowa ɗakinmu na ƙarƙashin bene ya yi mitar sanyi, rasuwar uwarmu kuma abokiyar aikinmu, babbar na'urar ɗaukar hoton taswira, wadda kowa ya fi sani da Goggo. Ta rasu ranar Talata da hantsi bayan doguwar jinya, a bakin aikinta, da taswira shimfiɗe a kanta.

Marigayiyar ta zo mana tun ina sabuwar ma'aikaciya. Ƙofa ta yi mata kaɗan, sai da aka cire taga aka zuro ta da igiya. Tsoho Tu, mai gyaran na'urorinmu, shi ya karɓe ta, shi ya ɗora mata ƙunshin cincin na farko mai koriyar leda, kamar yadda ake yi wa kowace na'ura mai mutunci a Taiwan don ta zauna lafiya. Tun daga ranar ba ta kwana babu koren ƙunshi a ka ba, kuma ko yunwa za ta kashe mutum, ba mai taɓa na Goggo.

Duk wanda ya zauna da ita zai shaide ta da haƙuri. Ka shimfiɗa mata taswira, arewa a sama, kudu a ƙasa, sai ta yi gyaran murya, "hummm," fitilarta ta taso daga can sama tana gangarowa layi bayan layi, "ƙirrr, ƙirrr, ƙirrr," ba ta tsallake ko ɗigo, sai ta kai gindin takarda ta ce "tak." Wannan "tak" ɗin da shi muke sanin lokacin shan shayi ya yi. Gaggawa kuwa ba ta san ta ba. Manyan malamai sun tsaya mata a kai suna duba agogo, wani har ya buga ƙafa, ko a jikinta. Ba ta taɓa yaga takarda ba. Kuma tana da ido, kai, Goggo tana da ido. Rubutun fensirin da ya koɗe har ka rantse babu komai a wurin, in haskenta ya bi ta kai, sai ga shi ya fito raɗau.

Ba za mu ɓoye halinta ba don ta mutu. Ba ta son damina, laima kaɗan sai ta ɗau fushi. Ba ta son baƙon hannu. In Tsoho Tu ya tafi hutu, ita ma ta tafi.

Ta rasu ta bar ƙanwarta firinta, mai shan tawada kamar ba gobe, da kwamfutoci biyu da ba su san abin da za su yi da kansu ba yanzu, da na'urar tsotse laima da ta yi jinyarta dare da rana, da dubban hotunan taswira da mutane ke buɗewa daga ƙasashen da ita ba ta taɓa jin sunansu ba, da Tsoho Tu, wanda tun Talata bai ci abin kirki ba, da ni. Ta kuma bar hoto guda wanda ba ta ƙarasa ba, kuma saboda shi ne wannan sanarwa ta yi tsawo.

Akwai wani dattijo, Kaka Pan. Ƙauyensu, Kwarin Gora, yana ƙarƙashin ruwan madatsa tun yana saurayi, gidaje da gonaki da kaburbura duka. Kowace shekara idan lokacin sharar kaburbura ya zo, mutane suka ɗauki tsintsiya da turare suka nufi kan tudu wurin iyayensu, shi sai ya hau bas ya zo teburina da ledar gwaba.

"'Yar nan, fito mini da gida," haka yake cewa.

Sai in jawo masa taswirar kwarin, wadda wani mai awon ƙasa ya zana da hannu zamanin mulkin Japanawa. Ita kaɗai ce, babu ta biyu, ta yi laushi kamar busasshen ganye, tawadar ta koɗe. Kaka Pan ya sa gilashin ƙara girma, ya sunkuya, ya yi ta kallo har gwabar ta cika ɗakin da ƙamshi. Goggo ba ta taɓa ɗaukar hoton taswirar nan ba. Layin jira gare mu, taswirorin birane da masu bincike ke nema su ne a gaba, wannan kuwa mutum ɗaya ke tambayarta, kuma yana zuwa da ƙafarsa.

Ciwon marigayiyar ya fara bara da ɗan tari a tsakiyar aiki. Daga baya wani koren layi ya riƙa ratsa hotunanta. Masu ƙera ta suka ce sun daina yin kayan gyaranta. Shugabar laburare, Madam Juan, ta ce sabuwa tana hanya, kuma na tabbata tana hanyar, don har yau ba ta iso ba. Abin da ya kwantar da ita, a faɗar Tsoho Tu, ranar da za a yi manyan baƙi ne, aka ce a kwashe tarkace daga kan na'urori. Da baƙin suka tafi, wani mai neman gyara ɓarna ya mayar mata da ƙunshi, amma mai ruwan ɗorawa.

"Ruwan ɗorawa!" in ji Tsoho Tu, yana riƙe da ledar da yatsa biyu. "Wane mara tarbiyya ne ya yi wannan? Ku da digirorinku, kore da ruwan ɗorawa ma sai an koya muku? Ai kun kashe ta."

Na ce, "Haba Yaya Tu, cincin ne fa."

"Cincin ne? To ki je ki gaya mata."

Ni dai ban ce ledar ce ba, ban kuma ce ba ita ba ce. Abin da na sani, daga ranar sai an lallashe ta take tashi, har muka daina kunna ta, muka rufe ta da zane.

Bana lokacin shara ya zo ya wuce, babu Kaka Pan, babu gwaba. Hankalina bai kwanta ba. Ranar Litinin sai ga wata mata da rigar aikin shagon taliya, tana ta murza hannu a gaban teburina. Ta ce ita ce Li-chu, 'yarsa. Baban yana asibiti, likitoci sun ce a kira 'yan uwa.

"Yaya, ba ya cin abinci, ba ya tambayar kowa. Gida kawai yake cewa. Na ce Baba ga mu nan, ya ce ba wannan gidan ba. Don girman iyayenki ki ara mini takardar nan, in kai masa in dawo da ita kafin ku tashi."

Na ce mata ba ta fita. Ba rowa ba ce, ko iskar waje ta buge ta sai ta ruguje. Kai ta wata jami'a a ɗauka kuwa sai kwamiti ya zauna, kuma kwamitinmu ba ya zama don mutum yana mutuwa. Muka gwada ɗaukar hotonta da waya, ni da Li-chu, ta kowace kusurwa. Abin da ya fito kamar an zubar da shayi a kan tebur.

Na je na sami Tsoho Tu. Ya daɗe yana kallon zanen da muka rufe ta da shi.

"In na tashe ta, sau ɗaya za ta tashi," ya ce. "Kin ji ko? Sau ɗaya."

Washegari ya zo da sabon koren ƙunshi, ya goge mata gilashi, ya yi mata magana ƙasa-ƙasa. Muka ɗauko taswirar mu biyu, muka shimfiɗa, arewa a sama, kudu a ƙasa. Ta ce "hummm," a shaƙe. Fitilar ta taso. Duwatsun arewa suka fito a allon kwamfuta, tas, babu koren layi ko ɗaya, rabon da ta yi aiki mai kyau haka har na manta. Ga kogi yana gangarowa, ga dajin gora, ga 'yar hanyar ƙafa tana bin gefen ruwa. "Ƙirrr, ƙirrr." Li-chu ta kama hannuna. Hanyar ta kai wata gada. Fitilar ta hau gadar, ta kai tsakiya, ta ce "ƙirr," ta yi rawa, ta mutu. Ba ta ce "tak" ba.

Tsoho Tu ya yi duk abin da ya sani, har warin ƙonewa ya tashi. Da ya miƙe, ya dubi allon, ya dubi taswirar.

"Pei-shan, ƙauyen a ina yake?"

"Ƙetaren gada. Can ƙasa, kudu."

"To me ya hana mu juya takardar?"

Da mun juya ta, da ƙauyen Goggo za ta fara. Amma mu mutanen ɗakin taswira ne, hannunmu bai san yadda ake kwantar da kudu a sama ba, ko a ranmu bai zo ba. Kaico. Wannan shi ne haushin da na ce ban gama haɗiyewa ba.

Na sa firinta ta buga abin da aka samu a babbar takarda, rabin sama duwatsu da kogi, rabin ƙasa fari fat. Da rana na bi Li-chu asibiti. Kaka Pan ya rame har na kusa ban gane shi ba. Muka shimfiɗa masa takardar a kan bargo. Ya ɗora yatsa a kan dutse na farko, ya fara gangarowa.

"Nan muke saran gora. Nan ɗan'uwana ya karye a hannu, shegen rawar kai. Ga hanya. Ga gada."

Yatsan ya kai inda hoton ya yanke. Na ce, "Kaka, ka yi haƙuri, na'urar ce ta..."

"Ke 'yar nan, yi mini shiru, ina tafiya."

Yatsan ya shiga farin wurin. "Nan shagon mai awara, mugun mai ƙwange. Nan haikali. Ka bi hagu, kar ka bi dama, akwai kare. Nan rijiya." Ya ci gaba har ya sauka daga takardar ya hau bargo, ya tsaya kusa da gwiwarsa. "Nan ne. Ga Inna tana shanya ganye a tsakar gida."

Li-chu ta juya baya tana kuka. Shi kuwa ya ɗago ya dube ni.

"Wa ya yi wannan hoton?"

Na ce, "Goggo ce, na'urarmu. A kan gadar ta mutu."

"Ki yi mata godiya. Ta kawo ni har gada. Daga nan ai na san hanya."

Ya rasu ranar Alhamis da safe.

Za a yi jana'izar Goggo ranar Asabar ta sama. Tsoho Tu ya duba kalandar ranaku ya ce ita ce mai kyau, kuma ashe ita iyalan Pan suka zaɓa don tasa jana'izar. Saboda haka da safe ɗakin taswira zai kasance a rufe, muna can wurinsu, inda za a ƙona masa takardar da firinta ta buga tare da sauran guzurinsa, kamar yadda ake yi a al'adarmu don kayan su iske mamaci can. Da yamma za a cire tagar da ta shigo ta ciki, a fitar da ita ta nan. Masu zuwa kada su kawo furanni, laima gare su. Koren ƙunshi ya isa, kuma duk wanda ya shigo da mai ruwan ɗorawa, shi da Tsoho Tu.

Dokar aikinmu ta ce a goge duk hoton da bai cika ba, kuma Madam Juan ta riga ta tuna mini. Ba zan goge ba. Yana nan a shafinmu tare da sauran, kowa na iya buɗewa. A wurin bayani, inda muke rubuta girman taswira da shekararta, ga abin da na sa: hoton ya tsaya a tsakiyar gada, mai gidan ya ƙarasa da kansa.