Kwalbar da Kaka Rebecca Ta Kife

Kaka Rebecca ba ta jefar da kwalbar mai sai ta kife ta a kan kwano kwana uku. Wannan karon kwalbar ta yi mako a kife, ko ɗigo. Man gyaɗa ya yi wuya a kasuwar Narayi, ita kuwa ta riga ta miƙe a gaban matan zumuntar coci ta rantse ranar da kwalba ta wuce dubu biyu, ita da mai sun raba hanya. Ga shi gobe a gidanta zumunta za ta zauna, kuma shekara ashirin ba a taɓa tashi daga gidan ba a ci ƙosanta ba. Tana wanke gwangwanayen alala sai jikanta Nathan ya shigo, hannu ɗaya a baya.

"…to ya gajiya, amarya? Har yanzu ana gadin kwalba?"

"Lafiya lau, mijin hotiho. Wa ya buɗe maka ƙofa?"

"Ƙamshin ƙosai na biyo, sai na tarar da ƙamshin sabulu."

"Alala zan yi. Da babu gara ba daɗi."

"Alala ba mai? Wannan ai bulo ne! A ajiye mini guda ɗari in yi katanga."

"Ka fara gina haƙoranka tukuna. Ni magana zarar bunu ce, na ce dubu biyu."

"Bara kin ce dubu. Da Ista kika ce dubu da ɗari biyar. Rantsuwarki ta fi man saurin tashi."

"Ƙarya kake, ɗan nema!"

"Af, Christy mai mai ma ta ce wata tsohuwa ta rufe fuska da ɗankwali, sau uku tana zuwa tambayar kuɗin kwalba. Wai takalminta irin naki."

Kaka ta ɗan ja ƙafarta ƙarƙashin kujera.

"Takalmi ai ba ni kaɗai aka yi wa ba. Me kake ɓoyewa a baya?"

Ya fito da ita. Kwalba cike, ja-ja, har wuya.

"Nawa?"

"Dubu uku da ɗari biyar."

"Wayyo Allah! Da zinari aka matse gyaɗar? Da wannan kuɗin kakanka ya aure ni har da canji!"

"Ai an cuce shi. Bari in mayar, kada rantsuwa ta ci ki."

Ya juya. Tsohuwar da ke kukan gwiwa tun safe ta riga shi isa ƙofa.

"Ajiye nan! Cewa na yi ba zan saya ba. Miji ya kawo cefane, wa ya isa ya yi magana?"

"Yau kuma na zama miji?"

"Har zuwa ƙarshen kwalbar." Sai ta rage murya. "Christy fa 'yar zumunta ce. Me ka ce mata?"

"Na ce ƙafar amaryata ce ta yi kaushi, zan shafa mata."

Kaka ta yi dariya har da riƙe bango.

"Ka gama da ni, ja'iri. Ƙosan farko naka ne. Ƙonannen."

Ta rungume kwalbar kamar jaririya, ta shige ɗaki neman kasko. Gwangwanayen alala kuwa suna nan cikin ruwan sabulu, uku a wanke, sauran suna jira.