Shafin Ƙarshe na Littafin Mai Buta

Ba zan taɓa mantawa da bikin rufe lakwal na shekarar da na naɗa kaina marubuciya ba. Har gobe in na ga an shimfiɗa buzu sai ranar ta dawo min sabuwa.

Ina koyarwa a wata lakwal, wato makarantar firamare, a unguwar Dagmanet, ajin ƴan shekara bakwai zuwa takwas, inda ake fara karatu da Hausa. An taɓa kawo mana kyautar ƙananan littattafai na ceton dabbobi: an tono kare daga cikin ƙanƙara, an mayar da wani ƙaton kifi teku. Labarai ne masu kyau, amma ƙanƙarar da yaranmu suka sani ita ce ta cikin leda, wadda ake layi a kanta da azumi. Sai na ce ni zan rubuta musu nasu, da Hausa mai sauƙi, kuma labarin gaskiya. (Ku riƙe kalmar nan, gaskiya. Da manyan baƙi na rubuta ta a bangon littafin, har na ja mata layi biyu.)

Labarin kuwa ina da shi. Kawun maigidana, Kawu Alhusseini, yana da garka, wato lambu, a bakin koramar Telwa. Wata damina ruwa ya gangaro daga duwatsu ba zato, ya kwashi wani ɗan rago da ke kiwo a gindin gaɓa. Kawu ya warware rawaninsa, ya ɗaura gefe ɗaya a jikin dabino, ɗayan a ƙugunsa, ya shiga ruwa har ƙirji ya rungumo shi. Bayan kwana biyu na je garkar na ga ɗan ragon da idona. Fari ne sol, sai wani jan tabo a gadon bayansa mai kama da butar shayi, har da baki da mariƙi. Na ɗauke shi hoto a waya, na raɗa masa suna Mai Buta.

Shekara biyu ke nan da faruwar abin lokacin da na zauna rubutu. Shafi goma sha biyu na yi, kowanne jimla biyu ko uku. Wani abokin aikina ya zana hotuna daga na wayata, na buga fotokopi, na ɗinke da allura da zare. A shafin ƙarshe na rubuta: "Har yau Mai Buta yana garkar Kawu. Yana cin ciyawa. Yana da rai da lafiya."

Ban tambayi kowa ba. Rabona da garkar tun ina da cikin autana Bashir, kuma a raina ragon yana nan yadda na bar shi a cikin waya. Na dai miƙa wa maigidana littafin ya duba. Ya riƙe shi kamar minti biyu, idonsa na kan shayin da yake dafawa, ya ce, "Ya yi kyau ƙwarai." Ni kuwa kaina ya ƙara girma.

A ajin akwai wata yarinya, Rakiya, wadda ta maimaita aji saboda karatu. In aka ce ta karanta sai ta sunkuyar da kai har a gaji a wuce ta. Da na kawo littafin, na karanta musu har inda ruwa ya kwashi ɗan rago, na rufe. Na ce duk mai son jin yadda aka ƙare ya karanta da kansa, kuma wanda ya gama kada ya faɗa wa kowa. Mako uku Rakiya ba ta fita wasa ba. Tana zaune da yatsa a kan baƙi, tana haɗa su ɗaya bayan ɗaya, gumi na tsatstsafo mata a hanci. Ranar da ta kai shafin ƙarshe ta zo teburina ta tsaya.

"Madam, da gaske yana da rai?"

Na dafa kanta na ce, "Rakiya, na taɓa yi muku ƙarya?"

Ta girgiza kai, ta yi wani murmushi da ban taɓa gani a fuskarta ba. Daga ranar ta fara karanta duk abin da ta gani, har rubutun jikin buhun shinkafa.

Da biki ya matso, direkta, shugaban lakwal ɗinmu, ya ce Rakiya ce za ta karanta littafin a gaban iyaye. Ni kuma, da yake ba na sanin inda ya kamata in tsaya, sai na ƙara wa abin armashi. Na aika aka gayyato Kawu Alhusseini, don yara su ga jarumin littafi ido da ido. Na kuma ce ba za a tsayar da yarinya ƙafa na rawa ba, zama za ta yi kamar mai tatsuniya. Na ce wa maigidana ya taho min da buzun da yake salla a kai a shagonsa na ɗinki. Ban taɓa ganin buzun ba, na dai san yana da shi.

Ranar ta zo. An kafa rumfa, iyaye sun cika, mahaifiyar Rakiya na sahun gaba da sabon mayafi. Kawu na zaune kusa da direkta, rawanin nan nasa a kai. Maigidana ya iso a kan moto, babur ɗin nan nasa, da buzu a naɗe, ya miƙo min. Na karɓa na warware shi a ƙasa ina fuskantar jama'a ina jawabi, ko kallonsa ban yi ba. Ina ta zuba cewa littafin nan babu ƙage a cikinsa ko na ƙwayar gero, cewa yaro in aka ba shi gaskiya shi ma zai tashi da ita. Aka tafa min, na ɗan rusuna. (Allah ya yafe min wannan rusunawa.)

Na juya na ce, "Rakiya, zauna."

Ba ta zauna ba. Ta buɗe littafin a shafi na biyu, tana kallon zanen, tana kallon ƙasa.

Na rage murya. "Zauna mana, ana jiranki."

Ta ce, "Madam, buta."

Sai a lokacin na sunkuya. Farin gashi ne sol, an jeme fatar ta yi laushi, kuma a tsakiyarta ga jan tabo nan, da bakinsa da mariƙinsa. Ƙafata ta dama tana daidai kan murfin.

Ban san tsawon lokacin da na yi a tsaye ba. Yaran sahun gaba suka miƙe suna leƙe, kowa da littafinsa a buɗe, suka fara gaya wa na baya. Direkta yana cewa, "Silence, silence," babu mai jin sa. Ni kuma zuciyata na ta lallaɓa ni, wai ai raguna masu tabon buta suna da yawa a duniya. Da na yi shiru da wataƙila an tafi a haka. Amma sai na juya wajen Kawu, a gaban kowa, don ya wanke ni.

"Kawu, wannan ai ba shi ba ne, ko?"

Kawu ya taso a hankali, ya duƙa ya shafa gashin, fuskarsa cike da jin daɗi.

"Shi ne mana, ɗiyata. Wanga ai shi na kawo ranar sunan Bashir. Kina ɗaki ne ba ki gan shi ba. Hantarsa ma ke aka kai ma wa."

Na tuna hantar. Na tuna har ƙari na nema. Kwana bakwai na yi ina shan romonsa ina sa wa Kawu albarka, ban taɓa tambayar ragon wane ne ba.

Wata uwa a baya ta fara salati, wani uba ya tuntsire da dariya har hularsa ta faɗi. Na nemi maigidana da ido. Ya matso yana sosa ƙeya, ya ce ƙasa-ƙasa, "Ai ba ki tambaya ba."

Na ce, "Ba ka karanta shafin ƙarshe ba?"

Ya ce, "Na ga hotunan."

Rakiya ba ta yi dariya ba, ba ta kuma yi kuka ba. Kawu ne ya lura da ita. Ya tambayi abin da aka rubuta, aka karanta masa, sai ya tsuguna a gabanta.

"Ke ɗiya, da na bar shi, da ruwa ya kashe shi mushe, ko kare ba ya samu ba. Na fiddo shi ya yi shekara da rabi yana cin ganyen karas, ya yi ƙiba, aka raɗa wa yaro suna da shi, ga shi ana salla bisa fatarsa. Mi rago ke nema da ya wuce wanga?"

Ta saurare shi har ya gama. Sannan ta janye daga buzun, ta tsaya a kan yashi, ta karanta littafin daga farko, da murya a sarari, ba ta yi tuntuɓe ko ɗaya ba. Da ta kai shafi na goma sha ɗaya ta rufe. Aka yi ta tafa mata. Ta wuce ta gabana ba ta kalle ni ba, kuma wannan ya fi dariyar iyayen duka yi min ciwo.

Washegari, da muka zo raba sakamako, na tsaya gaban aji na ce na yi kuskure, na rubuta abin da ban bincika ba, na kuma nemi gafararsu. Na yi zaton Rakiya ba za ta sake taɓa littafi ba, ni ce kuma sanadi. Da aka tashi sai ta ajiye nata a teburina ta fita. Na buɗe shafin ƙarshe. Ta ja layi a kan jimlolina uku, da rula, tsaf. A ƙasa ta rubuta tata da fensir, kuma ita ce jimla ta farko da ta taɓa ƙirƙira da kanta ba tare da an yi mata shifta ba:

"Madam ta cinye shi."

Yanzu kafin in rubuta "har yau" a kan kowace dabba sai na je na gan ta tana numfashi, kuma kafin in yi jawabi sai na duba abin da nake takawa. Littafin kuwa ana nan ana karanta shi a ajina. Na sake buga shi da gyaran Rakiya, don duk cikin shafi goma sha biyun nata ne kaɗai na tabbatar da shi da bakina.