Rasuwar Miemie, Bindigar da Likitoci Uku Suka Warkar

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da fuska mai gira ɗaya da rabi, ni Sarel Badenhorst na Lichtenburg, a madadin iyalina da suka roƙe ni kada in sa sunansu, nake sanar da 'yan uwa da abokan arziki, har da waɗanda suka yi dariya a wurin, rasuwar bindigata abar ƙaunata, Miemie. Ta riga mu gidan gaskiya ranar Asabar ɗin da ta wuce da hantsi, a tsohon ramin fasa dutse na gonar Oom Wessel, inda muke taruwa harbin allo. A hannuna ta cika, a gaban baƙi, bayan doguwar jinya da gajeriyar lafiya. Jinyar ba ta yi mata komai ba, lafiyar ce ta yi ajalinta.

Marigayiyar tana cikin irin bindigogin nan da aka ƙera don a hutar da ɗan Adam. Ka danna kunama, ta harba, ta tofar da kwanso, ta ɗauko wani harsashin da kanta. Haka mai shagon ya faɗa min ranar da na ɗauko ta, ita kuwa ba ta musa masa ba, ba ta dai taɓa amincewa ba ne. Baiwar Allah ce mai natsuwa, ba ta san gaggawa ba. Takan ce "tau," ta sake cewa "tau," sai ta yi dogon nazari, ta ce "ƙas." Duk wanda ya yi zamani da ita ya san wannan "ƙas" ɗin. In ka leƙa sai ka tarar da kwanso a maƙale a gefen bakinta, ta yi zugum kamar tsoho da lofensa.

Kyawawan halayenta ba sa ƙirguwa. Ba ta almubazzaranci, kwalin harsashin da wasu ke ƙararwa kafin rana ta yi tsaka, ita sai ta lallaɓa shi har damina ta zagayo. Ba ta da abokin faɗa. Zabin dajin gonar nan da ke watsewa in abokinmu Thys ya buɗe motarsa, a gindin allona suke zuwa kiwo da 'ya'yansu, don sun san nan ne tudun mun tsira.

Ga waɗanda ba 'yan ƙungiyarmu ba, akwai wata ƙa'ida da magabata suka kafa tun kafin in shiga. Duk wanda bindigarsa ta fara maƙalewa ranar Asabar, ya fita daga layi kada ya tsare wa mutane wuri, ya tafi ya hura wuta ya gasa wa jama'a nama. An yi ta ne don abin ya riƙa zagayawa. Tun ranar da Miemie ta shigo ƙungiya bai sake zagayawa ba. Sauran na can suna tau-tau, ni ina nan durƙushe ina fifita garwashin totuwar masara, ina juya haƙarƙarin tunkiya da wors, naman nan namu da ake ɗurawa a hanji, ga tukunyar tuwon masara tana jirana a gefe. Da yake yau da gobe ba ta bar komai ba, hannuna ya faɗa. Ba yabon kai ba, har matan wasu sukan aiko da kwano.

Matata Hanlie, wadda ba ta taɓa shiri da marigayiyar ba, takan ce, "Sarel, in gashi kake so ga murhu a bayan gida. Sai ka saɓi bindiga ka tuƙa mota har gonar mutane kafin ka juya nama?" Ba na tanka mata, don mai makaman gaskiya ba a ja da shi da safe. Amma abin na ci min rai. Burina bai taka kara ya karya ba: in ga Asabar ɗaya tak da zan ƙare a layi, in koma gida ina warin albarushi maimakon warin kitse, a kira ni maharbi ba tare da wani ya yi tari ba.

Ba za a ce Miemie ta rasa masu duba ta ba. Ƙungiyarmu kowa likita ne. Akwai Thys Kriel, bakaniken tarakta, wanda a wurinsa babu cutar da huda rami ba ya maganinta. Akwai Tebogo Moiloa, tsohon shugaban makaranta, wanda tun da ya yi ritaya ya koma ɗura harsashi da hannunsa a garejin gida, yana auna albarushi da irin fuskar da yake duba jarrabawa. Sai Oom Wessel, mai gonar, wanda duk muke ce wa Oom, wato kawu, don a shekaru ya haifi yawancinmu. Duk lokacin da biyun can suka miƙa hannu, shi yake tsawatarwa. "Ku ƙyale ta, yara. Halinta ne. Ba a canza wa tsohuwa hali." Ni kuwa ina jin daɗi, ina cewa ga dattijon da ya san darajar abin mutum.

Ciwon ajali ya faro ne daga gasar da muke yi da mutanen Ottosdal kowace shekara, a kan wani ƙahon gwanki da aka kafe a katako. Mutum huɗu kowane ɓangare ke fitarwa. Saura mako guda surukin Oom Wessel, wanda shi ne na huɗunmu, ya faɗo daga kan tankin ruwa ya karya hannu. Aka duba gabas, aka duba yamma, aka ga babu sauran mai bindiga sai mai gashi. A karon farko a rayuwarta, ƙungiya ta buƙaci Miemie ta yi abin da aka ƙera ta dominsa.

Oom Wessel ya fara karɓarta. Ya dawo min da ita washegari ya ce ɗan mai kawai ya shafa mata. Sai ga Thys da motarsa. "Boet, ɗan'uwana, numfashinta ne gajere," in ji shi. "Ba ni ita, kada ka faɗa wa kowa, so nake su sha mamaki." Ya je ya faɗaɗa 'yar kafar da hayaƙin harbi ke bi ya tura mata ƙarfen ciki. Kafin in huta Tebogo ya iso da wani ɗan kwalin harsashi a hannu. "Rra Badenhorst, yallaɓai, na yi nazarin lamarin. Yunwa ke damun baiwar Allahn nan. Ga abinci mai nauyi na haɗa mata, amma ya tsaya tsakaninmu." Ni mutum ne mai riƙon amana, kowa na riƙe masa sirrinsa.

Ranar Asabar baƙi suka iso da rigunansu iri ɗaya. Na kwanta a layi, na ɗora kumatu a jikinta, na danna. Ta ce "tau." Ta ce "tau." Na runtse ido ina jiran abin da na saba ji, sai ta ce "tau" na uku. Jama'a, ta ci gaba! Tau, tau, tau, kwanso na tashi har kan hular mutanen Ottosdal. Abin da ba ta faɗa ba tsawon zamanmu, ranar ta amayar da shi duka. Na saci kallon murhu na gan shi a sanyaye babu kowa a kai, wallahi sai da ƙwalla ta cika min ido. Ina cikin wannan daɗin ta yi wata murya da ban taɓa jin ta da ita ba, ta ce "ƙwaram!" Hayaƙi ya turnuƙe, murfinta ya yi sama, cikinta ya tsage. Da hayaƙin ya lafa, Miemie ta tafi, ta kuma tafi da rabin girata ta dama. Garin neman gira akan rasa ido, ni Allah ya taimake ni idon ya tsira, girar ce ta tafi.

Wanda ya fara yi min ta'aziyya Thys ne. "Kai, boet! Amma ka ga gudun da ta yi kafin nan?" Tebogo ya cire tabarau ya goge, ya dubi sama, ya ce da alama zafin rana ne. Wani mai tumbi daga cikin baƙin ya dafa kafaɗata ya ce in yi haƙuri, kowa da ranarsa, sannan ya tambaya ko naman zai daɗe. Na ce mutuwa ba maƙalewa ba ce, ƙa'ida ba ta hau kaina ba. Aka ɗaga hannu a kan maganar, har baƙin suka sa nasu. Haka na gasa nama da gawa a bayan mota, ƙahon kuma ya bi hanyar Ottosdal.

Marigayiyar ta rasu ta bar akwatin ƙarfen da take kwana a ciki, wanda Hanlie ta riga ta auna da tsinken saƙa ta ce zai ɗauki kayan ɗinkinta. Ta bar kwalaben mai iri-iri da kowane masani ya rantse shi ne maganin, da sandar goge ciki, da ni. Ta kuma bar tsohon gidan harsashinta, wanda muka zo da shi tun daga shago, sai dai shi ba a gidana aka same shi ba.

A aljihun Oom Wessel ya fito. Ya zo gaisuwa da kek ɗin madara da matarsa ta yi, ya yanka wa kansa babban yanki, sannan ya ajiye gidan harsashin a kan tebur ya nuna min leɓensa da ya ɗan lanƙwashe. "Ka ga cutar nan," in ji shi, baki cike. "Shi ke hana harsashi hawa daidai. Ranar da na karɓe ta na musanya mata da sabo. Garau ta bar gidana, yaro. Jakunan nan biyu ne suka yi wa mai lafiya tiyata."

Na ce, "Oom, yaushe ka gano?"

Ya ce, "Tun shekarar da ka kawo ta."

 Na ce, "Duk shekarun nan, Oom? Kana kallona a bakin wuta?"

"To wa ya ce ka iya gashi?" Ya karkaɗe gemu. "Kafin ka zo Thys ke yawan faɗawa wutar nan. Ka taɓa cin gashin Thys? Waje gawayi, ciki jini. Ni tsoho ne, haƙoran da suka rage min nake karewa. Kuma kada ka dube ni haka, ni ban kashe ta ba, magani kawai na ɓoye."

Bai tsaya nan ba. Ya ce tun da sabon lasisin bindiga yakan ci shekara, wani lokacin har da ɗoriya, ƙungiya ta zauna ta karrama ni da muƙamin shugaban wuta na dindindin, za ma a ɗinka min rigar gashi da sunana a ƙirji. Na gode masa, na raka shi har mota, na dawo na zauna. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo fiye da ƙunar girar. Mutumin da nake ganin yana kare min mutuncin bindiga, ashe cikinsa yake karewa. Na yi niyyar in bar ƙungiyar. Hanlie ta ce, "Ka bari mana. Ka zauna min a gida kowace Asabar, mu ga wanda zai fara haukacewa." Gaskiyarta kuwa, waɗannan munafukan su ne abokaina, ba ni da wasu.

Saboda haka ga yadda jana'iza za ta kasance. Ranar Juma'a da safe za a miƙa gawar ga 'yan sanda domin a narkar da ita, kamar yadda doka ta tanada. Thys da Tebogo ne za su ɗauki akwatin gawar, tun da su suka yi wahalar cika shi. Zaman makoki ranar Asabar ne a ramin dutse, lokacin da aka saba. Ba a buƙatar furanni. Wanda ya zo da shawara a kan abin da ya kamata a yi mata tun farko, ya bar ta a mota.

Ana kuma tunatar da jama'a cewa a al'adarmu mai makoki ba ya girki, kawo masa ake yi. Zan zo da kujerata in zauna a inuwa, da abincin da Hanlie za ta ƙunso min daga gida. Thys ne zai riƙe wuta, Oom Wessel kuma, a matsayinsa na babba, shi za a fara zuba wa, a cika masa faranti. Haka za a yi wannan Asabar da ta bayanta da duk masu biyo su, domin rashin babba ne, ba na jin zan fita takaba sai ranar da sabon lasisina ya fito.