Hular Malam Mode

"...ina gajiya, amarya? Ina tsuhwa?"

"Tsuhwa lahiya lau. Wane na wanga cikin buhu?"

Ba buhu ba ne, tawul ne Kamal ya naɗe kansa da shi har kunnuwa, ga rana ta take. Daga Shagari ya taso a kan babur, inda yake da rumfar cajin waya, ya zo Horo Birni wurin kakarsa Uwani. Tana zaune a gindin rumbu tana ɓarar gyaɗa, ko kallon kirki ba ta yi masa ba. Da la'asar ɗin ranar aka sa masa zuwa Dingyadi ya gai da Malam Sodangi, mahaifin Rahama, yarinyar da yake nema da aure, karo na farko. Shi kuwa Malam Sodangi kan yaro yake fara dubawa kafin ya amsa sallama, ya taɓa korar manemi saboda aski kawai. Ni da nake maƙwabtaka da Uwani na ga abin da ke ƙarƙashin tawul ɗin, kuma na tausaya wa yaron ƙwarai, bayan na gama dariya.

"Maigida, haƙori ka ciwo?"

"Sanyi nika ji."

"Cikin wagga rana? Kware in gani."

Ya kware. Suma ja wur, an tayar da ita a tsakiya kamar zankon zakara. Goshi ja, kunnuwa ja, har ƙeya. Uwani ta dube shi tsaf, ta ɗauki wata gyaɗar.

"Wa yat toya ka?"

"Ado na, tsohuwa, ke mi kinka sani? Turawa na da wani biki, Halowin, kowa shi yi shigar dodo ko ta mawaƙi shi ɗauki hoto. Mu da abokai munka yi namu cikin waya. Wanga gyaran kai, masu tallan tuhwahi ka yin shi, suna yanga bisa dandamali."

"Kai wa yay yi maka guɗa?"

"Ni nic ci na ɗaya."

"Cikin dodanni?"

"Cikin mawaƙa."

"Allah shi ba alƙalin lahiyar ido. Mi kas shahwa?"

"Wani launi na, daga waje."

"Daga wajen ɗakina. Lallen da nid daka don sunan gidan Laraba, nib biɗa nir rasa, har na zargi akuya."

"Aro niy yi."

"Ashe ban yi kuskure ba, akuyad dai ta."

Kamal ya zauna a kan turmi ba a ce ya zauna ba. Ya ce a waya an nuna wanka ɗaya launin yake fita.

"Nasu ke nan. Ka kwana da shi?"

"Na kwana. Amma na ɗaure kan da leda, kada shi ɓata matashi."

Uwani ta ajiye gyaɗar hannunta.

"Kas shahwa lalle."

"I."

"Kaɗ ɗaure da leda."

"I."

"Kak kwana. To maigida, ƙunshi kay yi. Ko amaren garin ga ba su samun kamu irin wanga. Barka."

"Na sa sabulu, na sa lemun tsami, har kananzir."

"Saura ashana."

"Tsohuwa!"

"Aske shi mana."

"Na hwara ga ƙeya. Hwatar ta hi gashin ja."

"To ka ce ma Sodangi sunna kaka rayawa. Tsohhi na sa ma gemu lalle."

"Ban da gemu."

"Ka ce kuskuren wuri kay yi."

Ya sosa kunne, ya dubi ƙofar ɗakinta, ya sake duban ƙasa.

"Hullam Malam niz zo aro."

Hular da yake nufi haɓar-kada ce, irin ta mutanen da, mai leɓatu biyu da suke saukowa su rufe kunne da ƙeya. Ta marigayi Malam Mode ce, mijin Uwani. Tun rasuwarsa tana naɗe a ƙasan adakarta, 'ya'yansa ma sun roƙa ta hana. Kwanaki kaɗan kafin nan Kamal ya zo neman ta don ya yi shigar tsohon dodo, ta raka shi har zaure da muciya. Rashin hular ne ya sa ya koma wa lalle.

"Wadda kac ce ta yi kama da kunnen jaki?"

"Jakin kirki nika nuhi."

"Wadda kac ce in ba ka ka yi dodo da ita?"

"Ƙuruciya ta."

"Ta makon jiya."

"Na girma da sauri."

"Sa taka hulla."

"Ba ta ruhe kunne."

"Bar kunnen ga gida. Dama ba ka amhwani da shi."

Kamal ya murza tawul ɗin a hannu, muryarsa ta yi ƙasa.

"Kaka, in yag gan ni haka, ba shi ba ni Rahama."

Bai saba ce mata Kaka ba, daga amarya sai tsohuwa. Uwani ta karkaɗe ɓawon gyaɗa daga zaninta, ta miƙe da ƙyar ta shiga ɗaki. Mun ji ƙarar murfin adaka. Ta daɗe a ciki fiye da yadda ɗauko hula yake buƙata. Da ta fito ba ta miƙa masa ba, da kanta ta danne zankon, ta kifa masa hular, ta ja leɓatun suka rufe kunnuwa. Jan ya ɓace gaba ɗaya. Ta ja da baya tana kallonsa, idanunta suka kawo ruwa. Na yi kamar ban gani ba, don ina son zaman lahiya da maƙwabta.

"Ƙaƙa kig gani?" in ji Kamal.

"Muni dai. Irin nashi sak."

"Amma kin aure shi."

"Da ita yaz zo gidanmu gaisuwa. Babana yad dubi hulla yab ba shi ni. Sai bayan biki nig ga kunnuwan."

Kamal ya fashe da dariya, ita ma ta kasa riƙe tata, ta share ido da gefen kallabi ta ce ƙurar gyaɗa ce.

"Tashi ka tahi, rana na yi. Ka tuɓe takalmi, ka durƙusa, ka amsa abin da anka tambaye ka. Hulla kau, ko zuhwa za ta kashe ka kada ka taɓa ta."

"In maido yaushe?"

Ta koma ta zauna, ta jawo ƙwaryar gyaɗarta.

"In Sodangi ya ba ka, ka riƙe, taka ta. In ya hana, kada ka kwana da ita Shagari. Ka maido mini mijina."