Takalma Ukun da Na Saya wa 'Yar Fari

Ba zan taɓa mantawa da daminar da 'yata ta fari ta dawo gida goyon ciki daga Kuyello ba. Ba na kiran sunanta, saboda kunyar nan tamu ta ɗan fari. "Waccan" nake cewa. Mahaifiyarta ta rasu, gidan daga yayata Goggo, wadda idonta ya mutu, sai ni (mutumin da ya yi fatauci daga Kumasi zuwa Garwa har Sudan, yana jin harshe biyar, kuma ba ya bari kowa ya manta da hakan).

Wata safiya na gan ta tana shara ba takalmi. Ga silifas ɗinta a bakin ƙofa, ƙafar ta fi ƙarfinsu. Tambaya ta yi mini nauyi. Sai na wuce kasuwar Birnin Gwari na sayo masu ɗan girma, na ajiye mata a bakin ƙofa. Bayan mako biyu na ƙaro wasu. Na ukun ma na maza ne.

A majalisa kuwa har karatu nake bayarwa: matan Asante ƙafarsu na kumbura, na Sudan ma haka, laulayi ne, haihuwa ke tafiya da shi. Ina ganinta tana tamke kai da ɗankwali, tana tafiya dafe da bango, ina cewa a raina yarinyar akwai dauriya.

Ranar da ta gaya wa Goggo tana ganin walƙiya da rana tsaka muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinyar, wata 'yar Kudancin Kaduna, ta auna jininta, ta danna ƙafar da yatsa. Ramin ya ƙi cikowa. Sai ta dubi ƙasa.

"Baba, takalmin mijinta ne?"

"Nata ne, ni na saya," na ce, har da gyara hula. "Na uku ke nan."

Ta ajiye biro. "Wato sau uku ka ga ƙafar tana ƙaruwa, sai ka tafi wurin mai takalmi? Jininta ya hau sosai. Da kun ƙara jinkiri, jijjiga za ta iya kama ta, a rasa ta ko a rasa ɗan."

Wata tsohuwa a kan benci ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Alhaji likitan silifas." Mata suka kwashe da dariya. Na laluba harsunan nan biyar, ban samo amsa ko a ɗaya ba.

Da aka ba ta gado, na tsaya a gefenta na ce, "Hauwa'u, ina ke miki ciwo?" Ta rufe fuska da mayafi, sannan ta fara lissafi. Ta daɗe ba ta gama ba.

Ta sauka lafiya, namiji. Ni kuma na koyi cewa kunya ado ce, amma ba ta auna jini. Takalmin na uku ni nake zuwa masallaci da shi yanzu. Ya yi mini daidai, har da ɗan saura.