Watan da Na Gani a Lewisham

Ko zan manta da komai na zaman Landan, ba zan taɓa mantawa da yammacin ashirin da tara ga azumin nan ba.

Sai na fara da asali. A garinmu kakana ne mai ganin wata. Idan ya ce ya gani, an gama magana, gobe Sallah. Ni kuwa ban gaji gonarsa ba, ban gaji karatunsa ba, amma na sa a raina na gaji idonsa (duk da tabaran da nake sakawa tun ina aji uku).

Surukina kuma, mahaifin matata Hadiza, likita ne da ya shekara talatin a Ingila. Mutum ne mai shiru, irin shirun da ke sa ka tuna duk laifukanka. Shekara biyu da aurenmu bai taɓa tambayar ra'ayina a kan komai ba, kuma abin yana cina. Ina son ranar da zai dube ni ya ce lallai 'yarsa ta yi dace.

A ranar ya zo buɗe-baki gidanmu a Lewisham, hawa na goma sha huɗu, barandarmu tana kallon yamma. Da aka sha ruwa, sai ya ce bari a jira sanarwar masallaci. Ni kuma bakina ya ƙi zama.

"Baba, ai mu gidanmu ba ma jiran sanarwa. Mu ake jira."

Ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "To, madalla."

Na fita baranda ina ƙanƙance ido kamar yadda kakana yake yi. Sama duk gajimare, kamar kullum. Can sai ga wani siririn haske a lanƙwashe, ƙasa-ƙasa, daidai inda ya kamata. Don murna, maimakon in kira wani ya taya ni shaida, sai na ciro waya na aika saƙon murya a zauren dangin Hadiza, mutum sama da arba'in, har da rantsuwa: "Wallahi na ga wata da idona, gobe Sallah."

Kafin in koma falo har abin ya kankama. Surukata ta bugo ta ce ta fito da kaji daga firiza. Yayan Hadiza ya rubuto, "Na yi cancel ɗin shift ɗina na gobe," wato ya soke zuwa aiki. Wata gwaggo a Kano ta yi min addu'a mai tsawo, har ta haɗa da kakana.

Baba ya miƙe a hankali ya ce, "Mu je in gani."

Muka fita mu uku, har da Hadiza. Na nuna da yatsa, ƙirjina a buɗe. Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Watan naku dai kamar unguwar Deptford ya nufa."

Na duba. Tafiya yake yi. Gajimaren ya yaye, watan ya kumbura ya zama kamar ƙatuwar gwanda, ya juyo mana da gefensa a natse. A jikinsa, da manyan haruffa masu haske, tallar inshorar mota ce.

Hadiza ta matso kusa da kunnena ta ce, "Blimp ne fa." Wato jirgin nan na balan-balan da ake cika wa iska, a sake shi yana shawagi da talla. Ragowar hasken ranar da ta faɗi ne ya bugi ƙasansa, ni kuma na ɗaura masa Sallah.

Na ji kunyar da ban taɓa ji ba. Baba bai yi dariya ba, wanda ya fi dariyar ciwo. Ya miƙo min wayata da na ajiye a kan kujera, ya ce, "Wanda ya ga wata shi ke janye shi." Haka na tsaya a gabansa na yi saƙo na biyu. Washegari muka tashi da azumi na talatin, muka sha ruwa da kajin Sallah.

Yanzu a dangin, duk labarin da ba a tabbatar ba sunansa blimp. Idan wani ya ce an ƙara albashi, sai a ce, "Gaske ne ko blimp?" Baba kuwa ya fara tambayar ra'ayina, kamar yadda na daɗe ina fata. Duk ƙarshen azumi sai ya bugo waya da kansa: "Malam, me aka gani a Lewisham?"

Ni dai na koyi darasi. Ko rana na gani tsaka, sai na jira ta juyo na tabbatar babu rubutu a jikinta kafin in taɓa waya.